Kalmar "augur" a Turanci

"Augur" kalmar aikatau ce ta Turanci da ake amfani da ita idan wani abu na yanzu ya nuna alamar abin da ke tafe. Asalinta daga harshen Latin ne. A tsohuwar daular Rum, augur ɗan duba ne na hukuma, mai lura da tashin tsuntsaye da kukansu kafin a fita yaƙi ko a yi zaɓe, don a san ko alloli sun yarda.

Yau ba ruwan kalmar da tsuntsaye. Galibi tana tafiya da "well" idan alamar ta alheri ce, ko "ill" idan ta sharri ce. Jaridun Najeriya na yawan rubuta "does not augur well", wato lamarin ba zai haifar da ɗa mai ido ba.