GYARAN HANCI: TSAKANIN HANNUN UNGOZOMA DA ALLURA DA WUƘAR LIKITA

Daga Wakilinmu

A gidajen Hausawa na ƙasar Yawuri, daga Yelwa har zuwa Wara da Shanga, ba safai jariri kan kai ranar suna ba tare da an fara yi wa hancinsa aiki ba. A lokacin wankan safe da na yamma, ungozoma ko kakar yaro takan tsoma tsumma cikin ruwan ɗumi ta matse, ta dafa a kan karan hancin, sa'an nan ta shafa man kaɗe ko man shanu a yatsu biyu ta riƙa jan hancin daga tsakanin gira zuwa ƙasa. Dalili kuwa a fili yake. Dogon hanci yana cikin abubuwan da Bahaushe ke lissafawa in yana yabon kyau, har akan ce wance hancinta har baka. In kuwa yaro ya taso da shimfiɗaɗɗen hanci, sai a ji tsofaffi na ɗora laifin a kan wadda ta yi masa wankan jego.

A 'yan shekarun nan wannan tsohon buri ya sami sababbin 'yan kasuwa. Ɗalibai da matasan ma'aikata suna ganin talla a wayoyinsu ta wani ɗan maƙali na roba da ake matse hanci da shi, da mayukan shafawa, da kuma wata allura wadda aka ce tana miƙe hanci cikin rubu'in sa'a ba tare da an zub da jini ba. Saboda haka ya kamata a auna waɗannan hanyoyi da aikin fiɗa, a ga abin da kowace ke iya yi. A taƙaice dai, duk hanyar da ba ta wuƙa ba iyakarta ta ƙara wani abu ko ta ɓoye wani abu. Ba ta rage hanci, ba ta kuma gina wanda ya lalace.

Hanci dai ƙashi ne daga sama, guringuntsi daga tsakiya zuwa ƙasa, fata ta rufe su. Kusan kowane jariri da kwantaccen hanci ake haihuwarsa, domin ƙashin karan bai gama tasowa ba, kuma hanci ba ya gama girma sai yarinya ta kai kimanin shekara 15 ko 16, namiji kuma ya ɗan ɗara haka. Siffar da zai ɗauka gado ce daga iyaye da kakanni. Don haka idan hancin yaro ya miƙe bayan shekara biyu ko uku, halitta ce ta yi aikinta, ungozoma ta karɓi yabo.

Duk da haka tsofaffinmu ba su yi kuskure gaba ɗaya ba da suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A shekarar 1984 wani likitan ƙasar Japan mai suna Matsuo tare da abokan aikinsa suka nuna cewa guringuntsin jariri yana da taushi ƙwarai a makonnin farko, saboda ragowar sinadarin jikin uwa da ke cikin jininsa, har ana iya miƙe kunnen da ya lanƙwashe ba tare da fiɗa ba. A kan wannan ne wani likitan haƙori na birnin New York, Barry Grayson, ya fito da wata 'yar na'ura a 1993 wadda ake sa wa jariran da aka haifa da tsagaggen leɓe, tana tallafe hancin da ya kwanta kafin a yi ɗinki. Sai dai ita wannan na'ura dare da rana take zaune har wata uku ko fiye, likita na gyara ta kusan kowane mako, kuma duk da haka sai an yi fiɗa daga baya. Ina wannan ina jan hanci na minti biyu a bakin kwarya? Abin tsoro ma shi ne tsumma mai zafi yana ƙona fatar jariri, man zafin da wasu ke cusawa a ƙofar hanci kuma yana iya hana shi numfashi, tun da yake jariri da hanci ya fi shaƙar iska. Game da maƙalin roba da babba zai sa, ba ya bukatar dogon bayani: guringuntsin baligi ya riga ya ƙosa, da an cire abin hanci zai koma yadda yake, sai dai a bar shi da shaida a fata. Gara ma kwalliyar da ake yi wa amare, inda ake sa hoda mai duhu a gefe da mai haske a tsakiya. Ita ba ta yi wa kowa ƙarya ba, ruwa na taɓa ta ta tafi.

Allurar cika hanci ita ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, kuma ba sabuwar dabara ba ce. Tun a 1899 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Robert Gersuny, ya fara ɗura man basilin a ƙarƙashin fata, wasu kuma suka bi da kakin farafin don tayar da hancin da ya lotsa. Aka yi ta rububin abin har lokacin da kakin ya soma zamewa yana daskarewa a inda ba a so, yana zama ƙulli mai ciwo wanda ba ya fita sai an yanka. Wata shahararriyar mace mai suna Gladys Deacon, wadda daga baya ta auri wani basaraken Ingila, an yi mata irin wannan allura don miƙe hanci, kakin ya gangaro ya taru a haɓarta ya ɓata mata fuska har ƙarshen ranta.

Abin da likitoci ke amfani da shi yanzu wani ruwa ne mai kauri da ake kira hayaluronik, wanda akwai irinsa a jikin ɗan Adam. Amfaninsa shi ne yana iya tayar da karan hanci ko ya cike wani ɗan rami, ba a sa mutum barci, ba a kwantar da shi, kuma akwai wata allura da ke narkar da shi in an sami matsala. Aibinsa na farko, jiki yana shanye shi cikin kimanin shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, sai a sake biya. Na biyu, tun da yake ƙari ne, ba zai tsuke faɗin ƙofofin hanci ba, wanda kuwa shi ne ya fi damun masu neman gyara a cikinmu; in ma aka yi ta maimaitawa, ruwan kan bazu ya ƙara wa karan faɗi. Na uku shi ne babba. Hausawa sun ce abin da ya taɓa hanci idanu ke ruwa, to a nan maganar ta tabbata, domin jijiyoyin jinin da ke bin karan hanci suna haɗe da wadda ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya faɗa cikin jijiya, ruwan zai iya toshe ta, fatar hanci ta mutu, ko ido ya makance nan take, kuma da wuya ganin ya dawo. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattara labarin mutum 98 a duniya da suka sami matsalar gani ta hanyar allurar cika fuska, kimanin ɗaya cikin huɗu daga cikinsu a hanci aka yi musu. In haka na faruwa a hannun likitoci, yaya ke nan a shagon gyaran jiki, inda mai allurar ba ya da rajista da hukumar likitoci, abin da ke cikin kwalbar kuma ba ya ɗauke da lambar NAFDAC? Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Fiɗa ita kaɗai ke iya kankare ƙashi, ta tsuke ƙofofi, ta miƙe shamakin da ke tsakiyar hanci in ya karkace yana hana numfashi. John Roe na Amurka a 1887 da Jacques Joseph na birnin Balin a 1898 su ne suka kafa tushen wannan aiki na zamani. Sakamakonta na dindindin ne, mai kyau ko maras kyau. Ana sa mutum barci, kumburi kan kai shekara bai gama sauka ba, musamman ga mai kaurin fata, tabo na iya fitowa a gefen ƙofofin, kuma in aka tsuke hanci fiye da kima mutum zai ƙare da numfashi ta baki. Ya kamata kuma a tuna cewa faɗin hanci ba cuta ba ne. Masana sun daɗe da lura cewa al'ummomin da suka daɗe a ƙasashe masu zafi da laima sun fi faɗin ƙofar hanci, na ƙasashen sanyi da bushewa kuma sun fi tsukakke, domin aikin hanci ne ya ɗumama iska ya jiƙa ta. Mutumin bakin Kwara da hancinsa ya dace da iskar garinsa, me zai kai shi neman na mutanen ƙanƙara?

Malamai ma sun bambanta tsakanin gyara da canji. Ya zo a littattafan Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i cewa an yanke wa Arfaja ɗan As'ad hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, sai Manzon Allah (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. A 2007 Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Malesiya, ta halatta fiɗa don gyara aibi na haihuwa ko na haɗari ko na cuta, ta kuma hana wadda ake yi don a sauya lafiyayyar halitta kawai saboda kwaikwayo. Hancin Arfaja yana da jikoki har yau, domin ana ƙera hanci na roba mai taushi daidai da launin fata, a manna wa wanda ba za a iya yi masa fiɗa ba.

To, su wane ne masu bukatar gyara na gaskiya a yankinmu? Akwai wanda ya faɗi a babur ko ya sha naushi a filin dambe hancinsa ya karye. Shi wannan in ya isa asibiti cikin mako biyu, likita na iya mayar da ƙashin wurinsa ba tare da yanka fata ba. In ya wuce haka ƙashi ya kama a karkace, sai babbar fiɗa. In kuma jini ya taru a cikin shamakin tsakiya, dole a zuƙe shi da gaggawa, in ba haka ba guringuntsin ya rube karan ya lotsa. Wannan ba aikin maɗori ba ne. Akwai kuma kuturta, wadda kan rusa hanci in aka bar ta, alhali maganinta kyauta ake bayarwa tun 1995.

Amma mafi muni ita ce cutar noma. Sunan ba shi da dangantaka da aikin gona, kalma ce ta Girkanci mai nufin cinyewa, kuma mutanen karkara sukan sa ta cikin abin da suke kira ciwon daji ko ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, wato lokacin yaye da bayansa, musamman wanda tamowa ta raunana ko ya tashi daga baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da abin da uwa ba za ta kula ba: dasashi ya kumbura yana jini, baki na wari, miyau na zuba. Sai kunci ya kumbura, wani baƙin tabo ya fito, cikin mako biyu nama ya rube ya faɗi, ya tafi da leɓe da kunci, sau da yawa har da hanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma in ba magani har tara cikin goma na iya mutuwa. A da akwai ta a Turai, ta ɓace da abinci ya wadata, ba ta sake bayyana sosai ba sai a sansanonin tsare mutane na Hitila. A ranar 15 ga Disamba, 2023, Hukumar ta sa noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, Nijeriya ce kuma ta jagoranci neman haka.

A nan ne hanyar da ba ta wuƙa ba ta fi fiɗa nesa ba kusa ba. A matakin ciwon dasashi, kurkure baki da ruwan gishiri, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol a hannun ma'aikacin lafiya, da abinci mai gina jiki, suna tsayar da cutar cak, yaro ya tsira da hancinsa da leɓensa. Wani bincike da aka yi a jihohin Sakkwato da Kebbi a 2018 ya shafi yara fiye da 7,000, ya sami kimanin 3 cikin 100 da ciwon dasashi, waɗanda kuwa a cikinsu ne cutar ke samun ƙofa. Ga mazauna tsibirai da ƙauyukan da aka sake wa matsuguni lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, matsalar ita ce lokaci. Uwa a wani tungan masunta na Ngaski sai ta jira kwalekwale, ko ranar kasuwa, ko dawowar maigida daga su, ita kuwa cutar da kwanaki take lissafi. Abin takaici ne a ce kifin da zai kare yaro yana kan tukuba ana bandarsa don 'yan kasuwar kudu, shi kuma yaron da aka yaye kunu tsura yake sha.

Wanda ya tsira da rai amma fuska ta tafi, hanyarsa ita ce ta Koko da Jega da Tambuwal zuwa Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999. Tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ke aiki tare da ma'aikatar lafiya a can, an kuma yi fiɗa fiye da 1,000 ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Ba a gaggawar yin aikin. Sai gyambo ya warke, an ciyar da yaro ya yi ƙarfi, wani lokaci kuma sai an fara buɗe muƙamuƙin da tabo ya ɗaure. Gina hanci hawa uku ne: shimfiɗar ciki, da ginshiƙi na guringuntsi da ake ɗebowa daga haƙarƙari ko kunne, da rufi na fata. Fatar goshi ake yankowa a juyo da ita ƙasa ba tare da an raba ta da jijiyar da ke ciyar da ita ba, dabarar da likitocin gargajiya na Indiya suka daɗe suna yi kafin labarinta ya isa Landan a 1794, Joseph Carpue ya gwada ta a 1814. Bayan kimanin mako uku, in fatar ta kama a sabon wurinta, sai a sake shiga da yaron ɗakin fiɗa a yanke mahaɗin, kuma da yawansu sukan koma Sakkwato sau biyu ko uku kafin a gama.