Filtar Giyabos: Inda Take a Jikin Mota da Yadda Ake Kula da Ita

LAFIYA: Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da kuma sakin naira ta nemar wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekara, kuɗin riƙe mota ya zama babban abin da ke ci wa masu sufuri tuwo a ƙwarya. Dalar Amurka da ake canzawa kan kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin wannan mataki, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake kusan dukkan kayan gyaran mota daga ƙasashen waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dala. A cikin kayan kuwa, in aka ɗebe inji, da wuya a sami wanda ya kai giyabos tsada.

Wannan magana ta shafi garin Kwandere da ke dab da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa. A yankin ne aka gina filin jirgin saman da aka soma a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2022. Amma motar da ta bi kwalta da safe, ita ce da yamma za ta gangara hanyar burji zuwa ƙauye ta ɗebo doya ko riɗi ko gyaɗa. Zafin rana da lodi da tafiyar hawainiya a cikin ramuka duk suna dafa man giya, kuma abin da ke tsare giyabos daga dattin da ke biyo baya shi ne wata 'yar filta da yawancin masu mota ba su taɓa gani ba.

Ba laifinsu ba ne. A zamanin Peugeot 504, wadda kamfanin PAN na Kaduna da ya soma aiki a 1975 ya cika hanyoyin Arewa da ita, giyar hannu ce ke tashe. Irin wannan giya galibi ba ta da filta sam. Haƙoran ƙarfe ne ke wanka a cikin mai mai kauri, sai dai a sami ɗan maganaɗisu a jikin notin juye mai. Har yanzu haka lamarin yake a mafi yawan Golf da Vectra da Sharon da ke jigilar fasinja tsakanin Lafiya da Akwanga da Keffi. Sauyin ya zo ne tare da motocin gwanjo daga Amurka, wato Camry da Corolla da Accord da Sienna, waɗanda kusan duka masu canza giya da kansu ne.

A cikin giya mai canza kanta, wato otomatik, mai ba shafawa kaɗai yake yi ba. Famfo ne ke zuƙo shi daga ƙasa ya tura shi da ƙarfi ta wasu siraran hanyoyi, kuma ƙarfin nan ne ke matse faya-fayan kuloci har giya ta shiga. Faya-fayan suna ɗan cinyewa a kullum, garinsu na zuba cikin man. An sanya filta a bakin famfo don ta tare wannan gari. Idan ta toshe, famfo ba ya samun isasshen mai, ƙarfin matsi ya ragu, kuloci ya riƙa zamewa, zamewar ta haifar da zafi, zafin ya ƙona man, ƙonannen mai ya ƙara cinye kulocin. Da haka ƙaramar matsala ke zama ta sauke giyabos.

To, a ina filtar take? Amsar ta danganta da irin motar, kuma a nan ne ake yawan yin ɓarna. A Corolla da Camry da Sienna da akasarin Lexus, tana cikin wani kasko na ƙarfe mai faɗi da ke ƙarƙashin giyabos, ɗaure da ƙananan notina a kewaye. A motocin da injinsu ke kwance a gicciye, kaskon na ɓangaren direba in motar mai tuƙin hagu ce. Akwai wani kaskon makamancinsa a ƙarƙashin inji, na baƙin mai ne, kuma yaron gareji da bai ƙware ba yana iya juye wannan a maimakon wancan. Launin abin da ya zubo ne zai faɗa: man giya na waɗannan motoci ja ne ko ja mai duhu, kuma ya fi baƙin mai tsinkewa.

Honda ta bi wata hanya dabam. Yawancin tsofaffin Accord da Civic ba su da kaskon da ake kwancewa daga ƙasa. Babbar rariyar tana can ciki, ba a kai gare ta sai an sauke giyabos an buɗe shi biyu. Saboda haka duk wanda ya karɓi kuɗin sauya ta a cikin rabin awa, akwai alamar tambaya a kan aikinsa. Sai dai Accord ta 2003 zuwa 2007 na da wata ƙaramar filta a waje, a saman giyabos, wajen da batir da akwatin filtar iska suke, kuma ita ana sauya ta ba tare da wahala ba. A motocin BMW masu giyar kamfanin ZF na Jamus kuwa, sau da yawa filtar haɗe take da kaskon roba, tare ake sayensu. Motocin Nissan masu giyar CVT, wadda ke aiki da bel na ƙarfe, galibi filta biyu gare su: rariya a cikin kasko, da ta takarda a wajen na'urar sanyaya mai.

Game da lokacin sauyi, littattafan gyara sukan ba da tazarar kilomita 50,000 zuwa 100,000, kuma motar haya ko ta ɗaukar amfanin gona ya kamata ta tsaya a kan adadi na ƙasa. Abin lura shi ne agogon motar da ta fito daga Amurka da mil yake ƙidaya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 60,000 a agogo, motarsa ta yi tafiyar kilomita 96,000 ke nan. Alamun da ke nuna lokaci ya ƙure sun haɗa da jinkirin shigar giya ko ribas da safe, da kukan famfo mai kama da busa, da inji ya riƙa ƙara alhali motar ba ta ja.

Aikin kansa ba shi da wuya, amma yana son natsuwa. Bayan an juye mai an sauke kasko, ya dace mai mota ya leƙa da idonsa kafin a wanke. A gindin kaskon akwai maganaɗisu. In abin da ya maƙale masa laushi ne kamar toka, cin yau da kullum ne. In kuwa ɓarɓashin ƙarfe ne mai ƙyalli, ko baƙaƙen gutsattsari masu ƙauri, ciwon ya riga ya shiga ciki, sabuwar filta ba za ta warkar da shi ba. Wannan ne ma asalin camfin da ke yawo a garejoji cewa sauya man giya na kashe motar gwanjo: akasari ba a tuna da sauyin sai giyar ta riga ta soma mutuwa, sannan a ɗora wa sabon mai laifi.

Haka kuma, a tabbata tsohon zoben roba na wuyan filta ya fito, an sa sabo, domin in ya yi sako-sako famfo iska zai riƙa zuƙa. A sa sabon gasket maimakon lafta gam, wanda rararsa ke gutsurewa ta koma ta toshe filtar da aka sa yanzu. Notinan kaskon ƙanana ne, ɗauri kaɗan suke so, kuma a bi su a gicciye. Danne su da dogon sifana na lanƙwasa bakin kaskon ya soma yoyo. Ba a goge ciki da tsumma mai zubar da zare.

Batun mai ya fi komai haɗari a kasuwa. Kasancewarsa ja ba ya nufin iri ɗaya ne. Tsofaffin motoci na shan Dexron III, Toyota na da T-IV da kuma WS na baya-bayan nan, Honda na da DW-1 wanda ya maye gurbin Z1, Nissan mai CVT na buƙatar NS-2 ko NS-3. Zuba man otomatik na gama-gari a cikin CVT na iya lalata bel ɗin. Sunan man da ya dace yakan kasance a jikin gejin ko a littafin motar. Jabun mai a cikin galan mai kama da na asali ma matsala ce da hukumar SON ta sha yin gargaɗi a kai. Sannan juyewa ta kasko ba ta fitar da mai duka: kimanin lita 3 zuwa 4 ke fita daga cikin 7 zuwa 9, saura na cikin konbata da bututu. Dabarar ita ce a auna abin da ya fita, a mayar da daidai shi, sannan a gwada. A Toyota mai geji ana dubawa inji na aiki, ya yi zafi, giya na kan P, mota a wuri mai daidaito. A Honda kuwa sai an kashe inji a duba nan take.

Akwai kuma ruwa, wanda masu bin hanyoyin ƙauyukan Lafiya da damina ya kamata su kula da shi. Yana shiga giyabos ta ƙofar shan iska idan mota ta ratsa rafi mai zurfi, ko ta cikin lagireto, inda bututun sanyaya man giya yake, in tsatsa ta huda shi saboda yawan zuba ruwan rijiya. Man yakan koma fari-fari kamar an dama shi da madara. Idan aka ga haka a jikin geji, a kashe motar a jawo ta zuwa gareji, domin ruwa na ɓamɓare fatar da ke jikin faya-fayan kuloci, kuma ko an sauya filta sai an gyara lagireton an wanke bututun kafin a zuba sabon mai.