Rawar kusurwa huɗu a Amurka: yadda ake ɗauko mai kiran rawa in baƙin duk ba su iya ba

Yau za mu leƙa wata al'adar Amurka da ƴan uwanmu mazauna can, irin su New York da Greensboro, kan ci karo da ita a lakkwal ɗin yara ko wajen shagalin ma'aikata. Sunanta sukwaya dans, wato rawar kusurwa huɗu. Mutum takwas ne ke tsayawa bibbiyu, kowane biyu a gefe ɗaya, duk suna fuskantar tsakiya. Babu mai haddace takun tun daga gida. Akwai wani mutum riƙe da makirfo, shi ke faɗin abin da za a yi a kan kiɗa, su kuma suna bi. Shi ne mai kiran rawa, kuma daɗin taron ko lalacewarsa a hannunsa yake.

Rawar ta samo tushe daga raye-rayen Ingila da Faransa, musamman kadiril ta Faransawa. Shi ya sa wanda ya ji Faransanci zai gane wasu kiraye-kirayen. Dosido daga dos-à-dos ne, wato baya da baya: mutum biyu su zagaye juna ba tare da sun juya ba. Promenade kuwa yawo ne, a riƙe hannu a kewaya fili a dawo gurbi. Shi kansa kiran, binciken Phil Jamison a littafinsa na 2015 ya nuna baƙaƙen fata bayi masu kaɗa goge a wuraren rawar Turawa suna cikin waɗanda suka fara shi, don a taimaki wanda bai je wajen malamin rawa ba. Daga baya Henry Ford, mai kamfanin mota, ya kashe kuɗi wajen farfaɗo da ita a shekarun 1920, sai kuma wani shugaban makaranta a Kolorado, Lloyd Shaw, ya yaɗa ta a shekarun 1930 da 1940.

To, a ina mai shirya taro kan yi kuskure? Masu kiran iri biyu ne. Akwai na ƙungiyoyi, waɗanda ke aiki da mutanen da suka yi watanni suna koyo. Ƙungiyar masu kira ta duniya, CALLERLAB, wadda aka kafa a shekarun 1970, ta tsara matakai, kowane mataki da kiraye-kiraye masu yawa. Akwai kuma mai kiran dare ɗaya, wanda sana'arsa ita ce ya ɗauki mutanen da ba su taɓa taka rawar ba, cikin minti kaɗan ya sa su suna juyawa suna dariya. Wannan yakan tsaya ga kira kamar goma, masu sauƙi. In ka ɗauko gwanin ƙungiya wanda bai saba da sababbi ba, zai yi ta zuba kira, layi ya wargaje, kunya ta kama mutane, kowa ya koma kujera. Kuɗi sun tafi, baƙi sun watse da wuri.

Don haka tambayar farko ita ce: malam, ka saba yi wa waɗanda ba su iya komi ba? Sau nawa? In da hali, a je a kalli wani taron nasa kafin a yi ciniki. Ana samun masu kiran ta hannun ƙungiyoyin rawa na gari, ko a shafin CALLERLAB a intanet.

Sannan a faɗa masa gaskiyar taron. Mutum nawa ne, akwai yara da tsofaffi, kuma Turancin baƙin ya kai ina? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, don kiran da Turanci ake yinsa ko'ina, har a Jamus da Japan. Mai kiran kirki zai rage sauri, ya nuna da jiki kafin a saka kiɗa. In adadin bai rabu takwas-takwas ba, yana da raye-rayen da'ira da na dogon layi da kowa zai shiga, kada a bar wasu a tsaye suna kallo.

Akwai maganar riƙe hannu. A rawar ana kama hannu, ana canza abokin taku. In cikin baƙi akwai waɗanda addini ko tarbiyya ba su bar su cuɗanya da maza da mata ba, a sanar da shi tun wuri. Ana iya tsara kusurwar mata daban, ta maza daban, kuma akwai mata masu kira. Abin da zai kwantar wa wasu da hankali, a al'adar ƙungiyoyin rawar ba a shan giya kafin a taka ko ana cikin takawa.

Sai fili da kaya. Kowace kusurwa tana son wuri kamar mita 4 tsawo da faɗi, a daɓe mai sumul wanda ba ya zamewa. Yawanci mai kiran kan zo da lasifikarsa da kiɗansa, amma a tambaya, a kuma tabbata akwai wuta kusa. Rawar kan zo zango-zango, minti 10 zuwa 15, a huta a sha ruwa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu ta ishi sababbi.

Maganar kuɗi kuma a gama ta tun farko, a rubuce: ladan aiki, kuɗin hanya, da abin da za a yi in an ɗage taron. Kada a ɗauka irin makaɗan gida ne da ake yi wa liƙi a fili. Can abin da aka shirya shi ake biya, kuma masu kira na ƙwarai ana kama ranarsu makonni kafin lokaci, musamman ranar Asabar.

Ga ɗan uwa da aka gayyata bai taɓa gani ba, ya sa takalmi marar tsini, ya buɗe kunne, ya san hagu da dama. Sauran aikin na mai kiran ne.