Wa Ke Yanka Kuɗin Lasin Kare?

'Yan'uwa manoma, ana yawan yi mana wannan tambaya a taron ƙungiya. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba ƙaramar hukuma ikon lura da yadda ake ajiye dabbobin gida irin su kare. Kansiloli ne ke zama su tsai da kuɗin cikin dokar yankinsu. Shi ya sa namu yakan bambanta da na maƙwabta.

In kuɗin ya yi yawa, mutane sukan ɓoye karnukansu, allurar rigakafin haukan kare ta wuce su. Yaranmu kuwa su ne cizo ya fi samu. Saboda haka mu aika wakilai wurin kansilanmu tun ba a yanka ba. Kada mu biya sai da rasit.