Polanci da Jojiyanci: Harsuna Biyu, Hanyoyin Rubutu Biyu

Polanci, harshen ƙasar Poloniya, yana cikin dangin harsunan Indiya da Turai, a reshen Silabawa na yamma, tare da harshen Cek da na Silobak. Masu magana da shi sun kai kamar miliyan 40. Jojiyanci kuwa harshen ƙasar Jojiya ne, a kudancin duwatsun Kaukasus, kuma ba shi da wata dangantaka da aka tabbatar da harsunan Turai. Danginsa uku ne kawai: Suban, Mingireliyanci da Laz. Masu shi ba su wuce miliyan 4 ba. Abin da ya sa kwatancinsu yake da amfani shi ne dukansu sun fuskanci matsala ɗaya, wato yawan baƙaƙe, sai kowane ya warware ta ta hanyarsa.

A harsunan biyu baƙaƙe sukan yi cincirindo ba tare da wasali a tsakani ba. A Polanci akwai pstrąg, sunan wani kifi, mai baƙi huɗu a jere. A Jojiyanci akwai mtsvrtneli, wato mai horarwa, inda sauti shida na baƙi suka gabaci wasalin farko. Bahaushe, wanda gaɓarsa ba ta fara da baƙi biyu, zai so ya cusa wasali cikin kowace.

Poloniya ta karɓi addinin Kirista a 966, ta hannun cocin Roma, sai rubutun Latin ya shigo tare da shi. Amma haruffan Latin ba su ishi sautukan Polanci ba. An yi ƙarnuka ana faci. Jakub Parkoszowic ya rubuta littafi kan ƙa'idojin rubutu wajen 1440, Stanisław Zaborowski ya biyo baya a farkon ƙarni na 16, daga nan masu buga littattafai na birnin Kirakof suka daidaita abin da ya zama al'ada. Yau abajadar tana da harafi 32, tara daga ciki masu ɗigo, wutsiya ko karan tsaye: ą, ć, ę, ł, ń, ó, ś, ź, ż. Ban da su akwai tagwayen baƙaƙe bakwai, irin su sz da cz. Tsarin yana aiki, domin mai karatu da ya san ƙa'ida ba ya kuskuren furuci. Wahalar tana wajen mai rubutu: u da ó sauti ɗaya ne, haka rz da ż, haka ch da h. Dalili shi ne tarihi. Harafin ó ragowar dogon wasali ne da harshen ya daina furtawa, rubutu kuwa ya riƙe shi. Yaro dole ya haddace kalma kalma.

Jojiya ba ta yi aro ba. Tana da nata rubutu, wanda aka samu mafi tsufansa a kan duwatsu na ƙarni na 5, ciki har da na cocin Bolnisi na shekarar 494. Rubutun ya bi salo uku a tarihinsa, kuma na yanzu, mkhedruli, yana da harafi 33: wasali 5, baƙi 28. Kusan kowane harafi sauti ɗaya ne, kowane sauti harafi ɗaya, kuma babu babba da ƙarami a rubutun yau da kullum. Wannan daidaito bai zo haka kawai ba. Ƙungiyar yaɗa karatu da aka kafa a Tibilisi a 1879 ta zubar da haruffa biyar waɗanda sautinsu ya ɓace, abin da Poloniya ba ta yi ba ko a gyaran 1936.

A nan Jojiyanci ya fi kusa da Hausa. Yana da tunkuɗau, irin ƙ da ts na Hausa, kuma ya fi Hausa yawansu, domin yana da su har a wajen p da t. Kowane yana da harafinsa. Hausar boko kuwa ta bi hanyar Polanci: ta ɗauki haruffan Latin, ta yi wa wasu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ, ƴ), ta haɗa wasu biyu biyu (sh, ts). Sai dai kada a yi saurin yabon Jojiyanci fiye da kima. Aikinsa ya yi sauƙi ne saboda ba shi da karin sauti, ba shi kuma da bambancin dogon wasali da gajere, abubuwa biyu da suke rarrabe ma'ana a Hausa, waɗanda taron Bamako na 1966 da waɗanda suka biyo bayansa suka sha muhawara a kansu.

A nahawu, kowane harshe yana da siffofi bakwai da suna yake ɗauka gwargwadon aikinsa a jimla, amma kamar ta tsaya nan. Polanci ya ɗora nauyinsa kan suna da jinsi: namiji, tamata da wanda ba ko ɗaya ba, sannan a jam'i ya ware mutane maza daga sauran abubuwa. Jojiyanci ba shi da jinsi sam. Kalma ɗaya, is, ita ce shi, ita ce ita. Nauyinsa yana kan aikatau, wanda yake ɗauke da alamar mai yi da wanda aka yi wa. Vkhedav na nufin ina gani, gkhedav ina ganinka, mkhedav kana ganina. Har ila yau siffar mai aikatawa tana canjawa da lokaci: k'atsi, mutum, yana zama k'atsma idan aikin ya shuɗe. Ƙirgensu ashirin ashirin ne, 80 ita ce ashirin huɗu kamar a Faransanci. Wani abin da zai ba Bahaushe dariya: mama a Jojiyanci uba ne, uwa kuwa deda.

Harsunan biyu sun rayu ƙarƙashin mulkin baƙi. An raba Poloniya tsakanin Rasha, Purusiya da Ostiriya daga 1795 zuwa 1918, kuma a 1901 yaran makarantar Września sun ƙi karatun addini da Jamusanci. A Jojiya, ranar 14 ga Afrilu 1978, jama'a sun fito a Tibilisi har gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta bar wa harshen matsayinsa na harshen hukuma. A ƙasashen biyu littafin koyon karatu na aji ɗaya ya yi aiki babba: Deda Ena na Iakob Gogebashvili, na 1876, da Elementarz na Marian Falski, na 1910, wanda aka yi ta sake bugawa shekaru da dama bayan mutuwar mawallafinsa.