Sabulun Haɗin Gida da Wankin Kayan Jariri: Abin da Ya Kamata Ki Sani

Yawancin mata idan suna lissafin kayan haihuwa sukan tuna da zannuwa, riguna da majanyi, su manta da abin da za a wanke su da shi. Alhali kuwa daga ranar da kika sauka har ki yi arba'in, wanki ba ya yankewa a ɗakinki. Saboda tsadar omo da sabulun kanti, gidaje da dama a ƙasar Gumel, daga Gagarawa Tasha zuwa Maigatari da Sule Tankarkar, sun koma ga sabulun haɗin gida. Wannan ba laifi ba ne. Sabulun gida yana fitar da dauɗa sosai, amma akwai ka'idojin da za ki kiyaye domin kada abin da aka nema don tsabta ya jawo wa jariri ko yayyensa ciwo.

Ire-iren sabulun gida

Na farko shi ne sabulun salo da muka gada. Ana tace toka, a dafa ruwanta tare da mai ko kitse har ya haɗu ya yi ƙarfi. Ruwan toka yana da kaifi irin na kanwa, kuma wannan kaifin ne ke juya mai ya zama sabulu. Idan mai haɗin ta cika ruwan toka fiye da mai, sabulun zai riƙa cin hannu.

Na biyu shi ne aduwa. Ɓawon itacenta da saiwarta suna yin kumfa idan aka daka aka jiƙa, kuma iyayenmu sun yi wanki da su. Tana fitar da dauɗar yau da kullum, sai dai ba ta isa ga kayan da suka ɓaci da jini ko kashi ba.

Na uku shi ne sabulun soda da sabulun ruwa, irin wanda ake koya wa mata a wuraren koyon sana'a. Ana haɗa su da sinadaran da ake saye a kasuwa, kuma mafi haɗari a cikinsu shi ne kostik soda. Sabulun soda na sanda yana bukatar a ajiye shi mako 4 zuwa 6 bayan an haɗa kafin a fara amfani da shi. Idan za ki saya, ki tambayi mai sayarwa yaushe ta haɗa. Ki gwada shi a hannunki tukuna. Wanda ya sa miki raɗaɗi ko ya saɓule miki fata bai dace da kayan jariri ba.

Me ya sa ɗauraya ta fi komai muhimmanci?

Fatar jariri ta fi ta babba laushi da rashin kauri. Kowane sabulu, na gida ne ko na kanti, yana da kaifi. Idan ya saura a cikin zare, da zarar gumi ko fitsari ya jiƙa shi sai ya narke a jikin yaro, ya sa ja, ƙaiƙayi da ƙuraje a wuya, hammata da matsematsi. Sau da yawa uwa takan zargi zafi ko nono, alhali sabulu ne bai fita daga nafkin ba.

Mun san ruwa yana da wuya a wasu garuruwanmu, musamman da rani, wani lokaci sai an saya wurin 'yan garuwa. Dabarar ita ce ki rage yawan sabulu, ba yawan ɗauraya ba. Ruwan ɗaurayar ƙarshe kuma kina iya amfani da shi wajen jiƙa kayan manya ko goge ɗaki.

Yadda za ki wanke kayan jariri

1. Tun cikinki yana wata 7 ko 8 ki wanke duk kayan da kika tanada, sababbi da na gwanjo da waɗanda yayyensa suka bari.

2. Ki ware baho ɗaya na kayan jariri kawai, kada ki haɗa su da kayan gona ko na kiwo.

3. Nafkin mai kashi, ki kankare kashin ki zuba a masai kafin ki jiƙa. Kashin jariri ma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

4. Zane ko ƙunzugun da ya ɓaci da jinin biƙi, ki fara jiƙa shi a ruwan sanyi. Ruwan zafi yana kama jini a cikin zare.

5. Ki ɗauraye sau 3, ko har ruwa ya daina santsi da kumfa.

6. Ki shanya a kan igiya a cikin rana, ba a ƙasa ko kan danga ba. Akwai wani ƙuda, musamman da damina, da ke yin ƙwai a ƙasa mai warin fitsari da kan kayan da aka shanya a inuwa. Tsutsarsa tana shiga fata ta yi kamar maruru. Guga mai zafi tana kashe ƙwan.

7. Ki wanke hannunki da sabulu bayan kin gama, kafin ki ba da nono.

Idan za ki tsabtace ledar shimfiɗa ko fo da ruwan bilic irin su Jik, ki duba jikin kwalba. Mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ana zuba awo 1 nasa a awo 6 na ruwa, a bar shi minti 10, sannan a ɗauraye. Kada ki taɓa haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani sinadari, domin yana fitar da iska mai shaƙe numfashi.

Kafur ba na kayan jariri ba ne

Mata da yawa suna jefa ƙwallayen kafur a akwati saboda asu da kyankyasai. Wannan ɗabi'a tana da haɗari ƙwarai. Jarirai da dama a Nijeriya, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da likitoci ke kira G6PD, kuma ba a ganewa da ido. Idan irin wannan jariri ya shaƙi kafur ko ya sa rigar da ta sha shi, ƙwayoyin jininsa sukan farfashe, shawara mai tsanani ta kama shi. Idan ta hau ƙwaƙwalwa tana iya barin yaro da kurumta ko shanyewar jiki, ko ta yi ajalinsa. Wanki ɗaya ba ya fitar da kafur. Kayan da suka daɗe da shi sai an wanke an shanya kwanaki har warin ya tafi gaba ɗaya. Idan kika ga idon jariri ko fatarsa ta yi rawaya, ki kai shi asibiti a ranar. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko shanya shi a rana.

Idan ana haɗa sabulu a gidanku

Kostik soda idan ta narke tana kama da ruwan sha, ba ta da launi. A asibitocin koyarwa na ƙasar nan an sha karɓar ƙananan yara da suka kurɓe ta daga kofi ko gorar lemo da aka ajiye a ƙasa. Tana ƙone baki da maƙogwaro nan take. Bayan makonni kuma hanyar abinci takan tsuke, yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, sai an yi ta yi masa aiki. Saboda haka:

Kada a zuba soda ko sabulun ruwa a gorar ruwa, kwalbar lemo ko kofin sha. A sa a mazubi mai murfi, a yi masa alama, a kulle a wuri mai tsawo.

A riƙa zuba soda a cikin ruwa a hankali, ba ruwa a kan soda ba, domin tana tafasa ta fantsama. A yi amfani da bokitin roba mai kauri, ban da tukunyar alminiyam.

A yi haɗin a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau, kuma yara su yi nesa har na goye.

Ke mai juna biyu, ki bar wa wata wannan aiki har ki haihu. Wasu suna ƙara fomalin don kada sabulun ruwa ya lalace. Shaƙarsa ba ta da kyau, kuma irin wannan sabulu ba na kayan jariri ba ne.

Taimakon gaggawa

Idan yaro ya sha soda, kada a sa shi amai, domin za ta sake ƙona shi wajen fitowa. Kada a ɗura masa manja, nono, tsamiya ko lemon tsami. A goge masa baki da ruwa mai tsabta, a ɗauki abin da ya sha a tafi da shi asibiti nan da nan, ko da ba a ga ƙuna a bakinsa ba. Babban Asibitin Gumel yana kusa da ku, idan ya cancanta daga nan za a tura ku Dutse ko Kano. Idan a ido ko fata ta zuba, a cire rigar, a yi ta kwarara ruwa na minti 20 kafin a kama hanya.

Maigida, kai ma da naka aikin. Ka tanadi ruwa wadatacce da igiyar shanya, ka samar da wurin kulle sinadarai, kuma ka hana matarka ɗaukar jarka ko bokiti mai nauyi. Iyaye da surukai masu zaman jego, ku taya ta wanki ku kuma kula da ɗauraya.

Idan kina da tambaya game da sabulun da kike amfani da shi, ki kawo gutsure ranar awo mu duba tare. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana abin da za a haifa.