Ko Kun Sani? Lissafin da ke cikin takardar A4

Takardar A4 da ake buga wasiƙun ofis da takardun neman aiki a kanta, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ba da ka aka tsayar da waɗannan lambobi ba. Jamusawa ne suka kafa ma'aunin a 1922, bisa aikin injiniya Walter Porstmann, a 1975 kuma ya zama ƙa'idar duniya mai suna ISO 216.

Ninke A4 gida biyu, sai ta zama A5, siffa ɗaya sak, sai dai ƙarama. Jera A4 biyu gefe da gefe, ka sami A3. Shi ya sa injin fotokofi ke rage babban shafi ya koma ƙarami ba tare da ya yanke ko harafi ɗaya ba. Uwarsu duka, A0, murabba'in mita ɗaya ce cif, A4 guda 16 ke fita daga cikinta. To, in an rubuta giram 80 a jikin kunshi, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar, kowace falle giram 5 ke nan, kunshin falle 500 kuma kilo biyu da rabi.

Amurka da Kanada dai sun ƙi bin sahu. Tasu, Letter, inci 8.5 ce da 11: ta fi A4 faɗi, ta gaza ta tsawo. Microsoft Word da aka saita da Turancin Amurka da ita yake buɗe sabon shafi, ga shi kuwa A4 ce a cikin firintar shagunanmu. In ka ga rubutu ya karkata gefe, ko ƙasan shafi ya yi fili da yawa, duba girman takarda kafin ka ɗora wa firinta laifi.